Gidan Burodin Da Ke Ginin Baba Na Tarauni

Mahaifina direban gingimari ne. Tun yana saurayi ya baro ƙauyenmu da ke gabas da Kano, ya fara da yaron mota, har Allah ya ba shi tasa ta kansa. A kan hanyar Ikko gemunsa ya yi fari, ya kai gyaɗa ya dawo da goro da gishiri da siminti. Jim kaɗan bayan canjin kuɗi, lokacin bakin mutane bai gama sakin fam da sule ba, bayansa ya soma ciwo, har ta kai in ya sauko daga mota sai an riƙe shi kafin ya miƙe. Ya sayar da motar. Da kuɗin ya sayi fili a Tarauni, ya gina wani dogon ɗaki na bulo, ya rufa masa kwano, ya sa ƙofar ƙarfe.

A wancan zamanin gonaki sun fi gidaje yawa a Tarauni. In ka taso daga gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da damina, ta tsakiyar gero za ka ratsa kafin ka hango kwanon ginin yana ƙyalli. Abokansa direbobi suka yi ta tsokanarsa, wai ya sayar da mota ya sayi daji. Shi kuwa sai ya ce gari yana nan tafe, kuma bai taɓa jin gini ya faɗa rami ba.

Ni ce 'yarsa ta fari, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Da na fara koyarwa a firamare sai ya sama wa kansa mafita, ya koma kirana Malama. Na yi aure a nan cikin unguwa, lungu biyu tsakanina da gida, ƙannena maza kuwa duk ƙanana ne. Don haka duk takardar boko da ta shigo gidanmu ni ake aika wa in zo in karanta, maigidana kuma bai taɓa hana ni ba.

Wanda ya kama hayar ginin wani Alhaji ne, dillalin fulawa, wanda Baba ya daɗe yana ɗauko wa kaya daga kudu. Sun ci tuwo kwano ɗaya, sun je sunan 'ya'yan juna. Ya ce gidan burodi na zamani zai buɗe. Ya zo da lauyansa da yarjejeniyar haya ta shekaru masu yawa, na zauna a soro na fassara wa Baba ita layi-layi. A wajen sunan mai haya, sunan kamfani aka rubuta.

Baba ya ce, "Alhaji ne dai ko?"

Na ce, "Kamfaninsa ne, Baba."

"To ai shi ne," in ji shi. Ya sa hannu da ajami, aka yi fatiha, aka raba goro. Duk wanda ke soron a ranar haka ya ɗauka.

Injin gashin burodin daga ƙasar waje aka kawo shi, gunduwa-gunduwa a cikin akwatunan katako, aka harhaɗa shi a ciki har ya kusa taɓo rufi. Da aka zo ɗaukar ma'aikata Alhaji ya ce da Baba ya kawo mutanen da ya yarda da su. Baba ya tafi ƙauye ya kwaso 'yan uwa da 'ya'yan abokai, waɗanda fari ya cinye musu gonaki. Wasu suna kwaɓi, wasu suna gashi, wasu suna ɗaure kwando a bayan keke suna kai wa masu shayi tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har Unguwa Uku. Ɗan wan Baba, wanda nake kira Yaya, shi aka ba shugabancin masu kwaɓi. Kuɗin haya yana shigowa a kan kari. Da shi ake cefane, da shi ake ɗinka wa ƙannena kayan makaranta. Baba ya sayi kujerar kwance ya ajiye a ƙofar gida, bayansa ya yi sauƙi, har ƙiba ya fara.

Sannu a hankali al'amari ya soma sauyawa. Fulawa ta yi wuya, ana cewa jiragen ruwa sun yi cunkoso a Ikko sun kasa sauke kaya. Haya ta fara makara. Alhaji yakan zo da kansa ya ce, "Direba, a yi mini haƙuri, kaya na hanya." Baba ya ce ai ba a bin ɗan'uwa da sanda. Bai ko gaya wa Inna, mahaifiyata, yawan abin da ya taru ba.

Wata Asabar da hantsi ina gida ina taya Inna tankaɗe, sai ga Yaya ya faɗo da keke, fulawa har gira, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Baffa, ka taso. An fitar da Alhaji daga ofishinsa."

Baba ya ce, "Wa ya fitar da shi?"

"Wani mai kwat ne ya zo da takarda da ɗan sanda. Turanci kawai yake yi."

Baba ya dube ni, na yafa mayafi muka tari tasi. Abin da na fara gani da muka isa har yau yana idona. Alhaji, mutumin da in ya shigo wurin kowa ke zubewa gaisuwa, yana tsaye a gindin darbejiya a waje, butarsa a hannu ɗaya, sallayarsa a hammata. Su kaɗai aka bar shi ya fito da su. Wani makeri yana tsugune a ƙofar ofis yana cire kwaɗo yana sa sabo. Ma'aikata sun yi cirko-cirko, kwaɓi yana ta kumbura a cikin baho babu mai kula shi. Baba ya nufi Alhaji, Alhaji ya kau da kai, ya ce da ƙyar, "Banki ne," ya kama hanya a ƙafa, don motar ma ta kamfani ce.

Mai kwat ɗin ya shigar da mu ofis. Dogo ne siriri, mai gilashi, akanta ne, daga Ikko aka turo shi. Ya miƙe ya ba Baba kujerarsa, ya gaishe shi da 'yar Hausar da ya tsinta, sannan ya juya Turanci ni kuma na zama tafinta. Ya ce kamfanin ya ci bashin banki ya jinginar da duk abin da ya mallaka, kuma ya kasa biya. Shi ne banki ya naɗa shi ya riƙe dukiyar ya tattaro abin da zai tattaru. Sunan aikin nasa risiba, amma mu mutumin banki muke ce masa har ya bar garin. Ya ce ba za a rufe ba, za a ci gaba da gashi, ba wanda za a kora.

Baba ya sauke ajiyar zuciya. A hanyar komawa ya tausaya wa Alhaji ƙwarai, amma da muka shiga gida cewa ya yi da Inna, "Ki kwantar da hankalinki. Yanzu banki ne ɗan hayarmu, shi kuwa a kan kuɗi yake kwana."

Aiki ya ci gaba kamar yadda aka ce. Hayaƙi yana tashi, kekuna suna fita, masu shayin ƙofar gidanmu suna yanka burodin kowace safiya. Mutumin banki yana biyan ma'aikata albashi ba makara, abin da Alhaji ya daina yi tuntuni, har suka fara sa masa albarka. Wata ya ƙare, wani ya kama, wani ma ya bi bayansa. Ko kwabo bai zo gidanmu ba. Baba ya ce manyan ma'aikatu haka suke, sai takarda ta zaga. Kunya ta hana shi tambaya. Na lura miyar gidan ta fara tsinkewa, nama ya koma sai Juma'a, sannan wata rana na shiga ɗakin Inna na tarar jeren kwanoninta na saman kabad ya yi giɓi. Na tambaya, ta ce dillaliya ce ta zo. A ranar na ce da Baba gobe sai mun je.

Mutumin banki ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo mana lemo da burodi mai zafi. Baba ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi baƙunta, sannan ya ce in gaya masa maganar haya ce ta kawo shi, ta baya da ta yanzu.

Mutumin ya cire gilashi ya goge. Ya yi magana a hankali kamar mai gudun kada in ɓata fassara. Da ya gama na ce ya maimaita, don na zaci Turancina ne ya gaza. Ya maimaita, kalma ba ta sauya ba.

Baba ya ce, "Malama, me ya ce?"

Na ce, "Baba, wai ya ce shi ba ɗan hayarka ba ne."

"To wa ke zaune a kujerar nan?"

"Shi ne. Amma wai ba shi ya sa hannu a yarjejeniya ba, kuma banki ma bai sa ba. Kamfani ne ya kama haya, kamfani ne mai biya. Shi wakilin kamfanin ne kawai."

"Ba banki ne ya turo shi ba?"

"Banki ne."

"Amma wakilin kamfani ne?"

"Haka ya ce doka ta ɗauke shi."

Baba ya ajiye kofin lemon a ƙasa. Ya ce in tambaye shi kuɗin burodin da ake sayarwa kullum hannun wa yake shiga. Mutumin ya ce hannunsa, daga ciki yake sayen fulawa da man inji, ya biya ma'aikata, abin da ya saura na banki ne. Baba ya ce to mai fulawa me ya sa ake biyansa? Ya ce saboda shi da kansa ya yi cinikin fulawar, abin da ya ƙulla da hannunsa yana wuyansa. Haya kuwa ya tarar da ita a ƙulle. Ya ce Baba yana da damar rubuta abin da yake bi, a sa shi a layin masu bin kamfanin bashi, amma gaskiya banki ne a gaba, kuma bai ga alamar wani abu zai ragu ba.

Baba ya daɗe yana kallon rufin kwanon da ya saya da kuɗin motarsa. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, "Tambaye shi, shi kamfanin a ina yake? In je in same shi mu yi magana."

Na fassara. Mutumin bai yi dariya ba. Ya buɗe durowa ya ɗauko wani hatimi na ƙarfe da takarda mai tambari ya ajiye a kan tebur. Ya ce iyakar abin da zai iya nuna masa ke nan.

Ban san yadda muka fito ba. Tasi ta tsaya mana Baba ya ɗaga mata hannu ta wuce, muka taho a ƙasa, yana gaba ina binsa. Sai da muka kusa gida ya tsaya ya juyo.

"Malama, kin tabbata abin da ya faɗa kika faɗa mini?"

Na ce na tabbata. Ya ce, "Na kwana a tasha ta garuruwa da yawa. Ko tabarma ka shimfiɗa a rumfar mutum, da safe sai ka ba shi wani abu."

Washegari muka je gidan Alhaji. Mun same shi a soro a kan tabarma, ya rame, babbar rigar ta yi masa yawa. Baba ya kwashe yadda aka yi ya gaya masa. Alhaji ya sunkuyar da kai.

"Direba, haka lauyana ma ya ce da ni. Wai bashin na kamfani ne, ba nawa ba. Wai ni daban, shi daban."

"Da wa na ci tuwo? Wa ya kama hannuna a sorona?"

"Ni ne. Wallahi ni ne. Amma gidan nan da kake gani shi ma yana jingina."

Sai ya fashe da kuka. Ban taɓa ganin dattijo mai furfura yana kuka da sauti ba sai ranar. Na tashi na shige cikin gida wajen matansa don kada ya ga na gani. Da muka fito Baba ne ke ba shi haƙuri.

Baba ya ce shi dai alƙali ya sani. Muka je. Alƙali ya saurare shi har ƙarshe, ya ce a abin da ya karanta, wanda ya mori wuri shi ke biyan ladan wuri, babu ja. Amma maganar kamfani da banki ba ta gabansa ba ce, ta babbar kotu ce. Ya ce ya nemi lauya. Maigidana ya haɗa mu da wani matashin lauya a cikin gari, Bakano ne, don haka a nan ban yi tafinta ba, Baba ya ji da kunnensa.

Lauyan ya ce duk abin da mutumin banki ya faɗa gaskiya ne. Baba ya ce gaskiya ko doka? Lauya ya yi murmushi ya ce doka. Ya ce amma Baba ba a ɗaure yake ba. Tun da an karya sharaɗin biya, yana da ikon ya kashe yarjejeniyar ya karɓi gininsa. Ya ce a rubuta wa mutumin takardar gargaɗi, in yana bukatar wurin zai fara biya, in bai biya ba a nemi kotu ta fitar da shi a sa kwaɗo.

Baba ya ce, "In an sa kwaɗon, mutanen da ke aiki a ciki fa?"

Lauya ya ce, "Baba, su ba su ne suka ɗauke ni aiki ba."

Ban san ta inda maganar ta fita ba, amma ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga ma'aikatan gidan burodi sun cika soronmu, Yaya a gaba. Wasu sun riga sun ɗauko matansu daga ƙauye, sun kama ɗakuna a Unguwa Uku. Yaya ya ce, "Baffa, kai ka kawo mu. In ka rufe, ina muka nufa? Gonar ma mun bayar da aro." Baba ya ce su je zai yi tunani.

Da suka tafi Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ta fito tsakar gida ta ce, "Malam, su suna karɓar albashi a cikin ɗakinka, 'ya'yanka suna shan koko ba suga. Wannan wace irin zumunta ce?" Ya tashi ya fita. Rana zafi, inuwa ƙuna. Haka ya yi ta jan ƙafa har damina ta faɗi ta kusa ɗaukewa, yana cewa watakila a samu mai sayen kamfanin gaba ɗaya, ya gaji ginin da ma'aikatan, kowa ya huta. Sai da aka koro ƙanena daga makaranta saboda rigarsa ta yage ba ta ɗinkuwa, sannan ya ce da lauya ya rubuta.

Abin mamaki, takardar ba ta yi mako ba sai ga mutumin banki da kansa a ƙofar gidanmu, ya cire takalmi ya zauna a tabarma. Ya kawo hayar wata guda. Ya ce in bayyana wa Baba sosai, wannan ta watan da ake ciki ce kawai, ba ya nufin ya ɗauki bashin baya ko ya zama ɗan haya. Ya biya ne don yana bukatar wurin na ɗan lokaci. Baba bai damu da bayanin ba. Ya ce da ni, "Kin gani? Da ma ashe akwai." Ya sa aka yanka kaza. Wata na biyu ma aka kawo. Ma'aikata suka zo godiya. Duk muka ɗauka wahala ta ƙare, ba wanda ya tsaya tambayar ɗan lokacin na mene ne.

Ina cikin aji ran wata Talata, ina rubutu a allo, aka ce ana sallama da ni. Matar Yaya ce, goyo a baya, tana haki. Ta ce in je Tarauni, Baba yana can, ana rushe gini.

Tun daga nesa na jiyo ƙarar guduma. Manyan motoci biyu sun ja da baya sun tsaya a bayan ginin. Ƙarti suna dukan bangon baya, bulo yana zubowa, har an yi ƙofar da mota za ta iya shiga. Ta cikinta ina hango injin gashi an ɗaɗɗaure shi da sarƙa. An sayar da shi ga wani mai gidan burodi a wani gari, kuma wai kwance shi gunduwa-gunduwa zai ci lokaci da kuɗi, gara a fasa bango a jawo shi. Ma'aikata suna zaune a gindin darbejiya, kowa da ambulan ɗin sallama a hannu. Da safen suka zo aiki aka ce kada a kwaɓa. Yaya ya haɗa kai da gwiwa.

Baba yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, hannuwansa a baya, hularsa ta karkace bai gyara ba. Duk bulon da ya faɗo sai na ga kafaɗarsa ta motsa. Na je na tsaya kusa da shi. Bai dube ni ba, ya ce, "Ni na yi wa bangon nan ban ruwa da hannuna."

Mutumin banki ya taho wajenmu, ya sha jinin jikinsa. Ya ce ya aika a sanar da Baba jiya ba a same shi ba. Ya ce kada ya damu da bangon, shi ya ba da umarnin fasawa, don haka gyaran yana wuyansa, gobe magina za su zo.

Na fassara. Baba ya juyo ya dube shi sosai.

"Bangon da ya fasa yau zai biya?"

"Zai biya, Baba."

"Ɗakin da ya zauna a ciki har damina ta zagayo fa?"

Na tambaya, ko da yake na san amsar. Mutumin ya ce wannan yana layin masu bin kamfani.

Baba ya yi wata irin dariya da ban taɓa ji a bakinsa ba, gajeriya, ba daɗi a cikinta. Ya ce, "Ashe da tun farko rushewa ya yi, da na samu kuɗina." Wannan ban fassara ba, mutumin ma bai nema ba.

Ya cika alkawari, magina suka zo suka toshe bangon. Ya miƙa wa lauyanmu makullai, ya koma inda ya fito. Daga baya takarda ta zo cewa an gama raba abin da aka samu, banki ma bai cika nasa ba, sauran masu bi babu komai. Na karanta wa Baba, ya ce in sa a murhu.

Abin da ya fi tsaya masa a rai ba kuɗin ba ne. Ma'aikatan ne. Wasu daga cikinsu suka ɗauka takardar lauyansa ce ta jawo aka rufe, suka koma ƙauye suna faɗin haka. Yaya ma ya koma ƙauye, ya daina zuwa gaishe shi har tsawon lokaci. Shi da ya yi ta haƙuri da yunwa don kada a kore su, shi aka ɗora wa laifin. Lauya ya ce masa ko da takarda ko babu, injin sai an sayar, tun ranar farko abin da aka zo yi ke nan. Baba ya ce to ya je ƙauye ya gaya musu.

Ginin ya zauna ba kowa, ga faɗi ga nisa da gari, ƙasansa duk ramukan da aka cire inji. Masu nema su zo su duba su tafi. Baba yana son ya yanka shi ƙananan shaguna, amma babu kuɗin bulo.

Wata safiya ina tsaye a ƙofar makaranta ina shigar da yara, sai wata tifa ta taho cike da yashi ta rage gudu ta yi mini ham. Na ɗaga kai. Baba ne a sitiyari, da tsohuwar rigar kakinsa, ya cusa matashi a bayansa. Na dafa ƙyauren makaranta. Bai gaya wa kowa ba sai Inna. Ashe ya je wajen wani da ya taɓa yi masa yaron mota, wanda yanzu yake da tifofi yana kai wa masu gini yashi, ya roƙi aiki. Mutumin ya ji nauyi ya ce zai riƙa ba shi wani abu duk wata ya zauna a gida, Baba ya ce makulli ya zo karɓa.

Ya leƙo ta taga ya ce, "Malama, a yi karatu da kyau," ya ja mota.

Na shiga aji na kasa koyar da komai, na sa yara suka yi ta karanta abin da ke allo.

Ya yi 'yan shekaru yana jan yashi. Duk abin da ya rage bayan cefane sai ya sayi bulo ya jibge, da ya taru ya kira magini a ja bango ɗaya. A haka ginin ya koma shaguna. Kafin ya gama, gidaje sun cinye gonakin da ke kewaye, tela ya kama ɗaya, mai gyaran rediyo ya kama ɗaya, mai niƙa ya kama na ƙarshe. Yaya ya dawo gari da iyalinsa, ya zo ya durƙusa ya nemi gafara, Baba ya ba shi shagon tsakiya yana sayar da hatsi. Bayan Baba kuwa bai sake miƙewa daidai ba. Ranar da ya mayar da makullin tifar, ƙannena biyu ne suka sauko da shi daga motar, suka kai shi ɗaki a kafaɗa.